Yadda ake zagaya wuraren tarihi na ƙauyen Avebury da kewayensa a Ingila

Avebury ƙaramin ƙauye ne a gundumar Wiltshire, kudu maso yammacin Ingila, mutanensa ba su wuce 500 da 'yan kai ba. Abin da ya fitar da sunansa shi ne wani sashe na ƙauyen, da gidajensa da mashayarsa da titinsa, yana zaune ne a tsakiyar da'irar duwatsu mafi faɗi a duniya, wadda aka kafa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A 1986 hukumar UNESCO ta haɗa shi da Stonehenge, wata shahararriyar da'irar duwatsu da ke kudu da shi, a jerin wuraren tarihi na duniya. Sai dai a Stonehenge tikiti za ka saya, ka tsaya bayan igiya kana hange. A Avebury shiga cikin duwatsun kyauta ne, kana iya taɓa su, tumaki na kiwo a gindinsu.

Yawancin baƙi suna sauka daga mota, su ɗauki hoto, kafin awa guda sun juya. Wanda ya yi haka ya ga kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Da'irar, da layin duwatsun da ya fita daga cikinta, da tudun Silbury, da tsohon kabarin West Kennet, duk a warwatse suke cikin gonaki, kuma hanyoyin ƙafa ne suka haɗa su. Saboda haka wannan yawo na ƙafa ne, kuma tsarin da ka bi shi zai sa ka gama da rana ko duhu ya same ka a gona.

Lokacin zuwa

Daga Mayu zuwa Satumba ya fi sauƙi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka akwai isasshen lokaci. A Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, ga laka ga iska mai ratsa ƙashi a kan tudu. Ba wai ba a zuwa da hunturu ba, hasali ma a lokacin ne wurin ya fi zama babu kowa, amma sai ka fara tafiya da ƙarfe 9 na safe, ka kuma zaɓi gajeren zagaye.

Ranaku biyu ko uku ne ya kamata ka kauce musu idan ba kallon taro ya kawo ka ba: wajen 20 zuwa 22 ga Yuni, lokacin da yini ya fi tsawo. Masu raya tsoffin addinan gargajiya na Turai suna cika wurin da ganguna, su kwana suna jiran fitowar rana. Wurin ajiye motoci kan cika, ana taƙaita zirga-zirga, gidan kwana kuma ba ya samuwa. Tsakiyar mako ya fi Asabar da Lahadi, ranakun karatu kuma sun fi lokacin hutun makarantu na Yuli da Agusta.

Hanya

Daga Landan, ka hau jirgin ƙasa a tashar Paddington zuwa Swindon, tafiyar kusan awa ɗaya. Tikitin da aka saya kwanaki kafin tafiya, ko wanda ba na lokacin rububin ma'aikata ba, ya fi arha nesa ba kusa ba. A Swindon ka nemi bas mai lamba 49 da ke zuwa Devizes, ita ke bi ta tsakiyar Avebury, kimanin rabin awa. Mutanen wurin “Eivbri” suke cewa, idan ka faɗa wa direba haka zai gane da wuri. Ana biya da katin banki. Kafin ka bar gindin allon tashar bas ɗin Avebury, ka ɗauki hoton jadawalin komawa, domin da yamma da kuma ranar Lahadi motocin suna raguwa sosai, kuma babu tasi da ke jira a ƙauyen.

Mai mota zai bi babbar hanyar M4, ya sauka a mahaɗa ta 15, ya gangara Marlborough, sannan ya ɗauki A4 yamma har shataletalen Beckhampton, ya juya dama. Babban wurin ajiye motoci yana kudu da ƙauyen a kan A4361. Ana biya, amma 'yan ƙungiyar National Trust, wadda ke kula da wurin, da na English Heritage, wata ƙungiyar kula da wuraren tarihi, ba sa biya idan sun nuna katinsu. Ka karanta allon da ke nuna lokacin rufe ƙofa. Kada ka kai mota cikin layin ƙauyen ka ajiye a ƙofar gidan mutane, layin matsattse ne kuma mazauna sun gaji da wannan.

Abin da za a ɗauka

Takalmi shi ne kan gaba. Ƙasar yankin alli ce, fara fat idan ta bushe, amma da ruwa ya taɓa ta sai ta yi santsi ta riƙa manne wa tafin takalmi. Takalmin sawu-ciki mai sulɓin ƙasa ko silifa shi ke kayar da mutane a gangaren ramin da'irar. Ka sa mai tudun ƙasa da zane mai zurfi, wanda ruwa ba ya shiga. Sai rigar ruwa ko da gari ya waye garau. Lema ba ta da amfani a kan tudu, iska za ta juya ta. Dogon wando ya fi gajere saboda wata ciyawa mai ƙaiƙayi da ke cika gefen hanyoyin ƙafa, da kuma kaska. Mai doguwar riga ko hijabi mai jan ƙasa ya san cewa akwai shingayen da ake hawa matakalar katako a ƙetare, ga kashin tumaki ko'ina.

Ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da abincin rana, domin da ka bar ƙauyen babu kanti, babu famfo, babu ban-ɗaki har ka dawo. Ƙaramar tocila za ta yi amfani a cikin kabari. Taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswira ta ƙasar, jerin Explorer mai lamba 157, ta nuna kowace hanyar ƙafa da kowane shinge. Idan waya za ka dogara da ita, ka sauke taswirar tun daga gida, saboda sabis yana ɗaukewa a kwaruruka.

Babu masallaci a ƙauyen, kuma kada ka sa ran samun naman halal. Ka sayi guzuri a Swindon, inda akwai masallatai da shagunan Musulmi. Ka yi alwala a ban-ɗakin da ke ƙauyen kafin fita, ka ɗauki 'yar darduma mai ledar ƙasa saboda ciyawar kan kwana da raɓa har hantsi. Alƙibla tana tsakanin gabas da kudu maso gabas, wajen digiri 118. Da hunturu azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, wato a tsakiyar tafiyarka.

Mataki na farko: gidan tarihi, kafin duwatsu

Daga wurin ajiye motoci wata siririyar hanya za ta kai ka layin ƙauyen cikin minti biyar. Ka daure kada ka faɗa cikin da'irar tukuna. Ka ƙetare zuwa tsohon gidan gona inda gidan adana kayan tarihi na Alexander Keiller yake, ka ba shi minti 40. Dalili kuwa, abin da za ka gani a fili ba yadda magabata suka bar shi yake ba, kuma idan ba ka san wannan ba za ka yi ta kallo ba fahimta.

A ƙarni na 14 mutanen ƙauyen sun riƙa haƙa rami suna binne duwatsun. A ƙarni na 17 da na 18 kuma sai aka koma farfasa su don gini: a haƙa rami a ƙarƙashin dutse, a cika da tattaka a cinna wuta, idan ya yi zafi a kwara masa ruwan sanyi, sannan a bi shi da guduma. William Stukeley, wani likita mai sha'awar kayan da, ya ga ana wannan aiki a shekarun 1720, ya zana taswirar abin da ya rage, kuma da zanensa ake gane inda duwatsu da yawa suka tsaya. Kafinsa John Aubrey ya ci karo da wurin a 1649 yana farauta, har ya kawo Sarki Charles na Biyu ya gani a 1663. Keiller kuwa attajiri ne da ya gaji dukiyar kamfanin jam ɗin lemo na iyayensa a Dundee. A shekarun 1930 ya sayi filin, ya tono duwatsun da aka binne ya sake tsayar da su, inda dutse ya ɓace kuma ya kafa ƙaramin ginshiƙin kankare mai tsini. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, sannan a 1943 ya sayar wa National Trust. Shi ya sa yammacin da'irar ke cike da duwatsu, gabashinta kuwa kusan fayau.

A cikin gidan tarihin ka nemi ƙahonnin barewa da aka tono daga gindin ramin. Su ne digar da aka haƙa wurin da ita, domin masu aikin ba su san ƙarfe ba.

Mataki na biyu: da'irar

Tituna biyu sun gicciya a tsakiya sun raba da'irar gida huɗu, kowane da shingensa da ƙofarsa. Ka fara da na kudu maso yamma, wanda ke kusa da layin ƙauyen, ka bi ta kudu zuwa gabas, ka ƙare a arewa maso yamma. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Duk ƙofar da ka buɗe ka rufe, saboda tumaki. A kowane ƙetare ka kama hannun yara: titin A4361 yana da kwana biyu masu kaifi a tsakiyar ƙauyen, manyan motoci na bi, kuma a Ingila hagu ake tuƙi, don haka motar da ta fi kusa da kai daga damanka za ta fito.

Kafin duwatsu, dubi aikin ƙasa. An haƙa wani ƙaton rami da ya kewaye fili mai girman kusan hekta 11 da rabi, aka tara allin da aka fitar ya zama tudu mai tsawon sama da kilomita ɗaya idan aka zagaya. Harold St George Gray, wanda ya tona ramin tsakanin 1908 da 1922, ya tarar zurfinsa na asali ya kai mita 9, wato abin da kake gani yanzu bai kai rabi ba, ƙasa ta cike sauran. Duk wanda ya san ganuwar Kano ko ta Zazzau zai lura da abu guda nan take: a ganuwa ramin yana waje ne don ya tare maƙiyi, a nan kuwa ramin yana ciki, tudun yana waje. Maharin da ya hau tudun shi ke sama da mutanen ciki. Wannan ne babban dalilin da ya sa masana suka tafi a kan cewa wurin taro ne da ibada, ba na yaƙi ba. An yi aikin daki-daki tsakanin kimanin 2850 da 2200 kafin haihuwar Annabi Isa.

Babbar da'irar ta ƙunshi duwatsu kusan 100 da farko, yanzu kimanin 30 ke tsaye. Ba a sassaƙe su ba, yadda aka ɗauko su daga tuddan gabas haka aka kafa su. A sashen farko akwai wanda ake kira dutsen wanzami. A 1938 ma'aikatan Keiller sun ɗaga shi suka tarar da ƙwarangwal ɗin mutum a ƙarƙashi, da almakashi da wani tsinken ƙarfe da tsabar azurfa uku na wajen 1320. An daɗe ana cewa dutsen ne ya danne shi lokacin da ake binnewa. Da aka sake duba ƙasusuwan shekaru da yawa bayan haka, sai aka fara zaton ya riga ya mutu kafin a sa shi a ramin.

A ƙofar kudu akwai manyan duwatsu biyu, ɗaya yana da wani lungu kamar kujera, ana kiransa kujerar Shaiɗan, kowa sai ya zauna an ɗauke shi hoto. A bayansu za ka ga ragowar ɗaya daga ƙananan da'irori biyu na ciki, da wani babban tubalin kankare a inda wani dogon dutse mai sama da mita 6 ya taɓa tsayawa. A ƙofar gabas akwai wasu manyan bishiyoyi da saiwoyinsu suka bazu a kan tudu, an ɗaure musu ƙyallaye. Masu ibadar gargajiya ne ke ɗaurawa, ka bar su yadda ka gan su. Sashen arewa maso gabas yana da duwatsu biyu da suka saura daga uku da suka yi wani ɗan ɗaki mara rufi, na ukun ya faɗi a 1713. Mai faɗin cikinsu ana ƙiyasta ya kai tan 100, domin wani babban ɓangarensa yana cikin ƙasa. A ƙarshe, a bakin titin da ya nufi Swindon, akwai wani mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininsa, nauyinsa ya haura tan 60, yana cikin 'yan kaɗan da ba su taɓa faɗuwa ba.

Ana iya hawa tudun a bi ta kansa, kuma daga can ne siffar wurin ke fitowa. Amma inda aka ja igiya aka rufe, kada ka tsallaka: ƙafafun baƙi suna cinye ciyawa, ruwan sama ya wanke allin, shi ya sa ake rufe sashe-sashe har ciyawa ta dawo. Ba a hawa kan duwatsu, ba a rubutu a jikinsu, ba a tashin jirgi mara matuƙi ba tare da izini ba. Yawo da na'urar neman ƙarfe a cikin ƙasa kuma laifi ne a dokar ƙasar a irin waɗannan wurare.

Mataki na uku: layin duwatsu zuwa tudun Waden

Ka koma ƙofar kudu, ka ƙetare titi zuwa gonar da ke gefen ƙaramar hanyar B4003. Nan ne farkon West Kennet Avenue, layi biyu na duwatsu da suka fuskanci juna, wanda a da ya kai kusan kilomita 2 da rabi, da duwatsu kimanin 100 a kowane gefe. Keiller ya gyara kashin farko ne kawai, tafiyar minti 15. Ka lura da yadda sau da yawa dogon siririn dutse ke fuskantar mai faɗi. Wasu na cewa namiji da mace ake nufi, zato ne dai.

Inda duwatsun suka ƙare akwai ƙofa a dama, da hanyar da ta hau tudun Waden. Ka bi ta. Hawan bai wuce minti goma ba, kuma a ganinmu nan ne mafi kyawun wuri a duk zagayen, saboda tudun ya ɓoye Silbury gaba ɗaya sai ka kai ƙoli zai bayyana a gabanka. Ka gangara zuwa hanyar da ke bin gefen rafin Kennet, ka juya hagu zuwa A4.

A nan ya kamata a san ƙa'idar tafiya a gonakin Ingila. Gonar ta mai ita ce, amma doka ta ba kowa damar bin hanyar da aka yi wa alama. Kibiya rawaya hanyar masu ƙafa ce, shuɗiya kuma har da masu doki da keke. Ka tsaya a kan hanyar ko da ta ratsa tsakiyar alkama. Idan ka tarar da shanu da 'yan maruƙa, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada ka yi gudu, ka zagaya su a hankali ta gefen shinge.

Mataki na huɗu: Silbury

Tudu ne da hannu ya tara, tsayinsa ya haura mita 30, faɗin gindinsa kusan mita 160, babu kamarsa cikin tuddan da mutanen zamanin da can suka tara a Turai. An yi shi wajen 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, da alli mai nauyin kusan tan rabin miliyan. Tatsuniyar yankin ta ce wani sarki mai suna Sil ne ke binne a ciki a kan dokin zinariya, wannan ya sa aka yi ta huda shi. A 1776 an haƙa rijiya daga ƙoli har gindi. A 1849 an shiga ta gefe. Daga 1968 zuwa 1970 Richard Atkinson ya sake haƙa wani ramin, BBC na nunawa a talabijin. Babu wanda ya samu kabari ko dukiya. Abin da aka samu shi ne shaidar cewa an fara da ƙaramin tsibi ne aka yi ta ƙari a kai.

Ramukan ba a cike su da kyau ba. A watan Mayun 2000, bayan ruwa mai yawa, ƙolin ya rufta ya bar ƙaton rami. Sai a 2007 da 2008 aka cusa alli aka toshe su duka. Don haka an kewaye tudun, hawa haramun ne, ko ka ga wasu sun saci hanya. Daga hanyar rafi ake ganinsa da kyau, minti 15 ya ishe ka. Da hunturu ruwa kan taru ya kewaye shi, kuma hanyar rafin kanta tana iya nutsewa. Idan ka ga haka ka koma ta tudun Waden, kada ka ce za ka ratsa.

Mataki na biyar: kabarin West Kennet

Ƙetare A4 shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar. Motoci na gudun kusan kilomita 100 a awa, babu fitila, babu alamar masu ƙafa. Ku taru wuri ɗaya ku ƙetare lokaci guda. A ɗaya gefen akwai ƙofa kusa da inda aka faɗaɗa titi don tsayawar motoci. Masu zuwa da mota nan suke ajiyewa, kuma ba a barin jaka a kan kujera, don ɓarayi sun san mai motar zai yi rabin awa bai dawo ba. Daga ƙofar ka ƙetare ƙaramar gada, ka bi hanya ka hau tudu, minti 10 zuwa 15.

Kabarin ya girmi da'irar da kusan shekara 1,000, an gina shi wajen 3650 kafin haihuwar Annabi Isa. Dogon tudu ne mai mita 100, amma ɗakunan suna bakin gabas ne kawai. Za ka zagaya ta bayan manyan duwatsun da aka toshe ƙofar da su, ka shiga wani lungu mai ɗakuna biyu a dama, biyu a hagu, ɗaya babba a ƙurya. Babba zai iya tsayawa a tsakiya, amma na gefe sai an sunkuya, kuma nan ne ake buga kai. An sa 'yan tagogin gilashi a rufi, duk da haka ɗakunan gefe suna da duhu, a nan tocila ke aiki. John Thurnam ya buɗe ɗakin ƙurya a 1859, Stuart Piggott da Atkinson suka tona sauran a 1955 da 1956, aka samu ƙasusuwan mutane kusan 50, maza da mata da yara. An kwashe su, babu gawa a ciki yanzu. Kada ka kunna kyandir ko turare, hayaƙi da zafi suna ɓata dutsen. Da bazara tsattsewa kan yi sheƙa a ciki, za su riƙa wucewa ta saman kanka.

Saman tudun wuri ne mai kyau na cin guzuri idan iska ta bari.

Mataki na shida: zaɓin hanyar komawa

Gajeriyar hanya ita ce ka koma yadda ka zo, ka ƙetare A4, ka bi gefen rafi kai tsaye arewa, Silbury na hagunka, har ka ɓullo daura da wurin ajiye motoci. Zagayen gaba ɗaya kusan kilomita 6 ne, awa uku da tsaye-tsaye. Mai yara ko dattijo, ko wanda ya zo da hunturu, wannan zai bi.

Doguwar hanya tana kai kilomita 10 ko fiye. Daga gindin tudun kabarin ka bi hanyar da ta yi gabas ta gefen gonaki, ka hau tudun Overton zuwa wurin da ake kira Sanctuary, inda layin duwatsun nan ya ƙare a da. Gaskiya babu abin kallo sosai: manoma sun kwashe duwatsun a zamanin Stukeley, Maud Cunnington ta gano gurbinsu a 1930, yanzu tubalan kankare ne ke nuna inda duwatsu da ginshiƙan katako suka tsaya. Ladan hanyar yana gaba. Idan ka sake ƙetare A4 ka hau Ridgeway, tsohuwar hanyar kan tudu da ta miƙe kilomita 139 zuwa Ivinghoe Beacon. Za ka wuce kaburbura masu siffar ƙwarya a kife, wasu da kurmin bishiyoyi a kansu. Bayan kusan kilomita 3 akwai mararraba da allo, ka juya hagu ka gangara ta hanyar Green Street, wadda za ta shigar da kai Avebury ta ƙofar gabas. Kuskuren da ake yi shi ne wuce mararrabar, a yi ta miƙawa arewa. Idan ka yi awa guda a kan Ridgeway ba ka juya ba, ka tsaya ka duba taswira.

Ƙauyen kansa

Idan ƙafa ta bari, ka ba shi awa ɗaya. Cocin St James yana da sassan da suka kai shekara 1,000, tun zamanin Saksonawa, masu mulkin Ingila a lokacin, da kaskon baftisma na dutse mai zane daga ƙarni na 12, da wani baranda na katako na ƙarni na 15 wanda irinsa kaɗan ne suka tsira a Ingila. A buɗe yake da rana, ana shiga a natse. Kusa da shi akwai babban gidan Avebury Manor na ƙarni na 16 da lambunsa, da zagayayyen ɗakin tattabaru, da ƙaton sito mai rufin ciyawa. Ambaliya ta shiga gidan a farkon 2024, saboda haka ka duba shafin National Trust ka tabbatar a buɗe yake kafin ka sa shi a lissafi. Kana tafiya a layi ka dubi katangun gidaje, za ka ga guntayen duwatsun da aka farfasa. Red Lion, ginin nan mai jinka a mararrabar tsakiya, mashaya ce da ke sayar da abinci da giya, da tsohuwar rijiya a ciki da aka rufe da gilashi. Wanda ba ya son shiga nan akwai wurin shan shayi a gidan gona, sai dai yana rufewa da wuri.

Da ka koma masauki ka duba jikinka da na yara, musamman bayan gwiwa da ƙugu da hammata. Kaskar yankin ƙanana ce ƙwarai kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. A cire ta da hantsaki, a kama daf da fata a ja a hankali, ba a matse cikinta, ba a ƙona ta. Idan jan zobe ya fito a wurin cizon ko zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni, a ga likita. Lambar neman shawarar lafiya 111 ce, ta gaggawa 999.

Idan akwai kwana na biyu

Windmill Hill yana arewa maso yamma, tafiyar kusan minti 40 a ƙafa. Ya girmi duk abin da aka ambata, amma sai mai sha'awa ta gaske, don ramukansa sun kusa shafewa. Mai mota ya fi kyau ya bi A4 yamma zuwa Cherhill ya ga farin dokin da aka zana a jikin tudu a 1780 ta hanyar kankare ciyawa har alli ya fito. Daga nan Lacock ba nisa, ƙauyen da aka kafa gidan zuhudu a 1232, inda William Henry Fox Talbot ya ɗauki hoton wata taga a 1835, wanda ake lissafawa cikin hotuna mafi daɗewa a duniya.

Mara mota ya sake hawa 49 zuwa Devizes. Gidan tarihin Wiltshire da ke can yana riƙe da kayan zinariya da aka tono daga kaburburan kusa da Stonehenge, kuma a bakin garin akwai Caen Hill, inda ƙofofin ruwa 29 a kan wata hanyar ruwa da aka haƙa ke ɗaga jiragen kwale-kwale mita 72 a cikin kilomita 3, aikin injiniya John Rennie da aka kammala a 1810. Guda 16 daga ciki jere suke a layi ɗaya a jikin gangare.

Stonehenge kuwa tafiyar kusan minti 45 ce a mota, kudu da Avebury. Kamfanonin yawon buɗe ido suna haɗa su biyun a yini ɗaya, abin da ke nufin awa guda a Avebury ba tare da Silbury ko kabarin ba. Gara a ware masa ranarsa, a sayi tikiti mai lokaci ta intanet tun da wuri, domin da bazara wanda ya zo ba tikiti yana iya daɗewa a layi ko ya rasa gurbi. Wanda ba shi da mota ya tafi ta Salisbury, inda bas ɗin baƙi ke tashi daga tashar jirgin ƙasa.